Allon Gasa ko Ruwa-Biyu: Ruɗanin Mai Hawan Igiyar Teku da Ya Wuce Koyo

A cikin kusan kowane allon hawan igiyar teku akwai wasu lambobi da masassaƙi ke rubutawa da fensir kafin ya lulluɓe allon da zaren gilashi da ƙaro. Tsawo, faɗi, kauri, sai kuma lita a ƙarshe. Za ka ga an rubuta ƙafa 5 da inci 11, sannan inci 18 da kwata uku, sannan inci 2 da kwata, sannan lita 27. Wanda bai san harkar ba zai ɗauka lambar kamfani ce ya wuce. Amma a kan waɗannan lambobi ake tafka musu a shagunan bakin teku daga Kalifoniya har Ostireliya, kuma a kansu ne mutane da yawa ke zubar da kuɗinsu su sayi allon da zai hana su ci gaba.

Wasan kansa ba wuyar bayani. Mutum ya kwanta rub da ciki a kan allo, ya yi ta tuƙi da hannuwa har ya wuce inda igiyoyi ke karyewa, ya zauna ya jira. In igiya ta taso sai ya juya, ya tuƙa da ƙarfi har ta ɗauke shi, ya zabura ya miƙe tsaye, ya bi fuskarta a kaikaice kafin ta rufe. Mai koyo ba shi da matsalar zaɓi: a ba shi ƙaton allon soso mai ƙafa 8, ya je ya yi ta faɗuwa a cikin farin kumfa. Gwani ma ya san abin da yake so, sau da yawa yana da masassaƙinsa. Wanda ke cikin ruɗani shi ne ɗan tsakiya, wanda ya bar kumfa ya fara kama igiya tun ba ta karye ba, yana iya bin ta dama ko hagu, yana ɗan yin kwana, amma har yanzu igiyar ce ke tafiya da shi, ba shi ke sarrafa ta ba. Shi ne ke tsayawa a shago yana kallon alluna iri biyu, allon gasa da ruwa-biyu, zuciyarsa na can, hankalinsa na nan.

Allon gasa shi ne wanda ake gani a ƙarƙashin ƙafafun zakaru. Siriri ne, hancinsa tsini, faɗinsa bai cika wuce inci 19 ba, gefunansa sirara, kuma in ka ajiye shi a ƙasa ka duba daga gefe za ka ga hanci da jela sun ɗaga sama sosai. Wannan lanƙwasa ita ce sirrinsa, ita ce kuma tsadarsa. Tana sa allon ya dace da fuskar igiyar da ta miƙe ta lanƙwasa, ya yi kwana a ɗan ƙaramin fili, hancinsa kuma kada ya nutse in mutum ya gangaro daga sama. Sai dai allo mai lanƙwasa tura ruwa yake yi, ba ya sulalewa a kansa. Ba shi da gudun kansa. Ko dai igiya mai ƙarfi ta ba shi, ko mahayin ya samar da gudun da ƙafafunsa, yana danna gefe ɗaya yana sakin ɗaya, yana hawa yana sauka ba tsayawa. Dokin sukuwa ne: a hannun gwani abin kallo, a hannun wanda bai gama sanin linzami ba kuwa sai turjiya da kayarwa.

Ruwa-biyu kuma, kamar yadda sunan ya nuna, gauraye ne. Daga gaba ya ɗauko faɗin hanci da ƙibar ƙirji da miƙaƙƙen ciki na allon da ake kira kifi. Daga baya ya ɗauko matsattsiyar jela da kaifin gefe na allon gasa. Faɗinsa kan kai inci 20 zuwa 21, kaurinsa inci 2 da rabi ko fiye, kuma akan hau shi ya gaza allon gasa tsawo da 'yan inci. Kumfar cikin allon da ke ƙarƙashin ƙirjin mai tuƙi tana ɗaga shi, miƙaƙƙen cikin yana sa allon ya sulale, don haka yana shiga igiya da wuri, yana kuma ratsa wurin da igiya ta kwanta ta yi sanyi ba tare da ya tsaya cak ba.

Yadda aka zo nan

Wannan rabuwa tana da tarihi, kuma tarihin yana bayyana dalilin da ya sa 'yan tsakiya ke yawan yin kuskure iri ɗaya. Har tsakiyar shekarun 1960 dogayen alluna ake hawa. Su ne Mike Hynson da Robert August suka ɗauko a fim ɗin The Endless Summer na Bruce Brown, wanda ya bazu a 1966, suka sauka da su a Senegal da Ghana da Najeriya kafin su gangara Afirka ta Kudu. A shekarar 1966 ɗin Nat Young na Ostireliya ya ci gasar duniya a San Diego a kan allo mai ƙafa 9 da inci 4, wanda a lokacin ake ganinsa gajere kuma siriri. Shekara guda bayan haka Bob McTavish da abokan aikinsa suka fara datse alluna da gaske, cikin 'yan shekaru kaɗan tsawo ya faɗo daga ƙafa 10 zuwa 7 da ƙasa.

A 1967 ɗin nan kuma, wani saurayi a San Diego, Steve Lis, wanda a durƙushe yake hawa, ya sassaƙa gajeren allo mai faɗi da tsagaggiyar jela da fikafikai biyu a ƙarƙashinta. Shi ne kifi. Mark Richards ya gyara tsarin fikafikai biyun ya ci gasar duniya sau 4 a jere, daga 1979 zuwa 1982. Simon Anderson, ƙaton mutum daga Narrabeen a Sidni, ya ga fikafikai biyu na zame masa, sai a 1980 ya ƙara na uku a tsakiya, girmansu kusan ɗaya. A 1981 ya ci gasar Bells Beach a Ostireliya da ta Pipeline a Hawai da wannan tsari, bai kuma yi masa rajistar mallaka ba. Har yau fikafikai uku ne a ƙarƙashin yawancin allunan gasa.

Inda aka shiga wahala shi ne farkon shekarun 1990. Kelly Slater ya ci kambunsa na farko a 1992 yana ɗan shekara 20, a kan allunan da Al Merrick na kamfanin Channel Islands ya sassaƙa masa: sirara ƙwarai, faɗinsu bai kai inci 18 ba, hancinsu a murɗe sama. Slater na iya hawansu domin shi Slater ne, mutumin da daga baya ya tara kambu 11. Amma masu sassaƙa ko'ina suka kwaikwayi siffar, shaguna suka cika da ita, magidanta masu tumbi da ke shiga ruwa ranar Asabar kaɗai suka yi ta saye. Shekaru aka kwashe talakan mahayi na zaune a ruwa ya nutse har wuya, yana tuƙi igiya na wuce shi, yana zargin kansa alhali laifin allo ne. Mafita ta zo ta hannun waɗanda suka waiwayi tsohon kifi. Fim ɗin Litmus na Andrew Kidman ya nuna Derek Hynd yana sharara gudu a kansa a Jeffreys Bay ta Afirka ta Kudu, Matt Biolos na kamfanin Lost ya fitar da kifi mai zagayayyen hanci da matasa suka rungume, daga nan masu sassaƙa suka fara haɗa jinin biyu. Zuwa 2009, lokacin da Dane Reynolds ya shiga gasa a Trestles ta Kalifoniya da gajeren allo mai faɗi da aka sa wa suna Dumpster Diver, kunyar hawan allo mai ƙiba ta fara gushewa har a tsakanin gwanaye.

Lissafin lita

Lambar lita sabuwa ce a harkar. Ta yaɗu ne bayan da aka fara zana alluna a kwamfuta inji na yankawa, domin manhaja na iya faɗin yawan kumfar da ke cikin allo daidai. Lita ɗaya na ɗaga kimanin kilo ɗaya a ruwa. Don haka abin da ake dubawa shi ne lita nawa ke akwai ga kowane kilo na jikin mahayi. Zakaru na hawa da kusan lita 0.35 ga kilo, wato mai kilo 75 yana kan allo mai lita 26 ko 27. Ɗan tsakiya yakan buƙaci 0.40 zuwa 0.50, wato lita 30 zuwa 37 ga mai wannan nauyin, kuma in shekaru sun fara ja ko ba ya shiga ruwa a kai a kai, sai ya ƙara.

Ga wani abu da wannan lissafi ke warwarewa. A Tarkwa Bay ta Legas, ko Busua a yammacin Ghana, ko Ngor a Dakar, baƙo zai ga yara 'yan gari suna tashi sama a kan tsofaffin allunan gasa da matafiya suka bari, sai ya ce ai ga shi yaro ma ya iya. Yaro mai kilo 40 a kan allo mai lita 26 yana da 0.65 ga kowane kilo. Wannan ma'aunin mai koyo ne, allon ya zame masa kwale-kwale. Babba mai kilo 85 da ya hau wannan allon yana da 0.31, ƙasa da abin da zakaran duniya ke hawa. Ga shi kuma yaron kullum yana cikin ruwa. Italo Ferreira na Brazil, wanda ya ci zinare lokacin da wasan ya fara shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021, a kan murfin akwatin sanyi da mahaifinsa ke zuba kifin sayarwa ya koyi tsayuwa. Yaro zai iya koyo a kan kusan komai. Mai shekara 35 da ke fitowa daga ofis ba shi da wannan gata.

Dalilin da ya sa lita ke da nauyi haka shi ne yadda lokaci ke tafiya a cikin ruwa. Masu binciken motsa jiki da suka bi mahaya da kyamara da agogo sun gano cewa kusan rabin lokaci a tuƙi yake ƙarewa, wani kaso mai yawa a zaman jira, tsayuwa a kan igiya kuwa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. A ƙananan igiyoyin bakin yashi, hawa ɗaya 'yan daƙiƙoƙi ne. Wanda ke son ya iya kwana dole ya maimaita ta sau ɗaruruwa, kuma ba a maimaita ta sai an kama igiya. Allon da ke ba ka igiya 15 a fita ɗaya ya fi wanda ke ba ka 5 koyarwa, ko da na biyun ya fi iya kwana a hannun wani. Sannan akwai cunkoso. Ƙa'idar ruwa ita ce wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara karyewa shi ke da ita, kuma masu dogayen alluna na zama can ciki su kama ta tun tana tasowa. Mai siririn allo sai ya matso inda take tsaye gab da karyewa, ya zabura cikin ƙiftawar ido. Wannan zabura kuwa ita ce abin da ɗan tsakiya bai gama mallaka ba.

Amma lita ba ita ce komai ba, kuma nan ne masu sayayya ta intanet ke faɗawa rami. Alluna biyu na iya zama lita 33 dukansu, ɗaya gajere ne dunƙulalle mai ƙafa 5 da inci 6, ɗaya kuma miƙaƙƙe mai ƙafa 6 da inci 3. Ba su tuƙuwa iri ɗaya. Dogon ya fi riƙe hanya da sulalewa, gajeren yana kaɗa hanci dama da hagu da kowane bugun hannu, kuma in ƙafarka ta sauka ba daidai ba da inci biyu zai nuna maka. Da yawa sun gudu daga allon gasa sun faɗa kan ruwa-biyun da ya yi musu gajarta, domin an ce musu ai litar ta kai.

Laifin ruwa-biyu

Ba zan ɓoye inda na karkata ba: ga mafi yawan 'yan tsakiya, a mafi yawan ranaku, ruwa-biyu ne daidai. Sai dai masu tallansa sukan yi shiru a kan aibinsa, kuma yana da shi.

Na farko yana bayyana tun kafin a kama igiya. Don a wuce igiyar da ta karye a gabanka, danna hancin allo ake yi a nutsar da shi, a bi da gwiwa ko ƙafa a kan jela, a ɓulla ta bayanta. Allo mai lita 38 a hannun mara nauyi ba ya yarda ya nutse sosai, sai kumfa ta kwashe su duka ta mayar baya. Na biyu yana zuwa ranar da teku ya yi kyau. In igiya ta miƙe tsaye ta fara yin kogo, miƙaƙƙen cikin da ke ba ka gudu a raggon ruwa sai ya zama abokin gaba: hanci ya caki gindin igiya, kai kuma ka wuntsila ta kansa. Kaurin gefe ma yana ƙin shiga ruwa in gudu ya yi yawa, faffaɗar jela ta zame a tsakiyar kwana.

Na uku ya fi su ɓoyuwa. Allon da ke ba ka gudu kyauta ba ya tilasta maka ka koyi samar da shi. Mutum na iya shekara yana tsaye a tsakiyar allo, nauyinsa a ƙafar gaba, yana tsere wa igiya zuwa kafaɗarta inda ba ƙarfi, yana juya allon a kwance da ƙugu maimakon ya kafa gefensa a ruwa. Daga bakin gaɓa kamar ya iya. Ranar da ya hau allon gasa sai asiri ya tonu, domin shi wannan ba ya motsi sai ƙafar baya na kan fikafikai kuma mahayi na manne da inda igiya ke karyewa. Masu cewa allon gasa malami ne mai bulala suna da gaskiyarsu. Abin da ba su faɗa shi ne bulalar na amfani ne ga wanda ke zuwa makaranta kullum.

Akwai kuma labarin da ake yawan kafa hujja da shi. Allon Hypto Krypto, wanda Hayden Cox na Sidni ya ƙera, yana cikin ruwa-biyun da aka fi saya a duniya: faffaɗan ƙirji, miƙaƙƙen ciki, da zagayayyiyar jela mai tsini. A 2015 Craig Anderson ya hau shi, mai ƙafa 5 da inci 4 kacal, a cikin manyan igiyoyin Kandui a tsibiran Mentawai na Indonesiya, hotunan suka zagaye duniya. Gaskiya ne matsattsiyar jela na ƙara wa allo riƙo. Amma mai kallon hoton ya tuna cewa kuskuren 1992 ne ya dawo da sabuwar riga. A wancan karo an sayi allon Slater, a wannan an sayi na Anderson, kuma ba a sayar da ƙafafun kowannensu a shago.

Igiyar gida ce alƙali

Masassaƙin kirki ba ya fara tambayar wane allo kake so. Yakan tambayi nauyinka, shekarunka, sau nawa kake shiga ruwa a mako, sannan a ina. Ta ƙarshen ta fi sauran nauyi. Igiyar da iskar kusa ta tayar, wadda tazarar da ke tsakanin ɗaya da mai bi mata ba ta kai daƙiƙa 10 ba, ragguwa ce, a tarwatse take zuwa. Wadda guguwar nesa ta turo, mai tazarar daƙiƙa 13 ko fiye, tana zuwa a jere da nauyi. Ta farko ita ce abincin yau da kullum a yawancin bakin tekun duniya, har da Florida inda Slater ya tashi. Ita ruwa-biyu aka yi wa. Ta biyu, in ta sami dutse ko tudun yashi mai kyau, ita ce ke biyan allon gasa haƙƙinsa.

A nahiyarmu ma bambancin a fili yake. Busua igiyarta mai sauƙin kai ce a kan yashi, faffaɗan allo zai more ta. Tarkwa Bay kuwa, wadda sai da jirgin ruwa ake isa, igiyarta na dukan katangar duwatsun da aka gina don kare mashigar tashar jiragen Legas ta dawo ta haɗu da mai bi mata, sai ta yi tsalle ta miƙe farat ɗaya, gajera amma mai ƙarfi. A nan ɗan ƙarin lanƙwasa a hanci na da rana. Ngor a kan dutse take karyewa, da ƙayar teku a ƙasa, ba wurin gwajin sabon allo ba ne. Supertubes ta Jeffreys Bay doguwa ce mai gudun tsiya, mai son allon da ke riƙe layi. Gaɓar Tekun Gini ta fi samun igiya daga kudu a watannin damina, Maroko kuma, wajen Taghazout, sai lokacin sanyi. Wanda zai yi tafiya ta mako biyu a shekara bai kamata ya sayi allon makonni biyun ya hau shi sauran makonni 50 a gida ba.

To yaushe ne lokacin sauyawa? Akwai alamun da ba sa ƙarya. In kana kama yawancin igiyoyin da ka nufa, kana zabura ba ka duba ƙafafunka, kana iya gangarowa ka kafa kwana a gindin igiya ka hau samanta ka dawo, kuma ka fara jin allon na zamewa ko yana ƙin shiga inda idonka ya nufa, to ka fara fin ƙarfin allon. Ko a nan ba a tsalle ɗaya. A rage lita 2 ko 3, a matse jela, a ƙara lanƙwasa kaɗan. Kamfanoni da yawa na yin allon gasa na yau da kullum, wanda siffarsa ta gasa ce amma an ɗan faɗaɗa shi an sassauta cikinsa, kuma shi ne gadar da ta fi dacewa. Yawancin ruwa-biyu na zuwa da gurbin fiffike 5, don haka kafin a kashe kuɗi ana iya gwada huɗu a ranar raggon ruwa don gudu, uku a ranar ƙarfi don riƙo. In kuwa har yanzu rabin igiyoyinka na wuce ka, ƙila ma ba ɗayan biyun kake buƙata ba, matsakaicin allo mai ƙafa 7 ne maganinka, irin wanda ya dawo yayi a 'yan shekarun nan. Girman kai rawanin tsiya, kuma a bakin teku an fi naɗa shi a hammata, inda ake saƙale allo.

Batun kuɗi ma ya karkata gefe guda. Sabon allo a Amurka kan kai dala 700 zuwa 1,000. Allon gasa ana yi masa siririn lulluɓi don kada ya yi nauyi, don haka diddige na lotsa shi cikin makonni, kuma yana iya karyewa biyu, kamar yadda na Ferreira ya karye a igiyarsa ta farko a wasan ƙarshe na Tokyo. Zakara yana da wani a ajiye a bakin gaɓa. Ruwa-biyu yakan zo da lulluɓi mai kauri, da yawansu kuma da farar kumfa mara nauyi da ƙaron ifoksi, wanda ya fi jure duka.

A Legas ko Akara ko Dakar, inda shagunan alluna ba su da yawa, mafi yawan ciniki na hannu ne, kuma abin da matafiya ke bari galibi siraran allunan gasa ne, don haka mai neman ruwa-biyu sai ya yi haƙuri ya sa ido. In ya samu, ya bi gefuna da yatsa yana neman tsaga, ya danna saman allon da tafin hannu ko akwai inda lulluɓi ya rabu da kumfa ya yi taushi, ya girgiza kowane fiffike a gurbinsa, ya kuma karkata allon ga haske ya duba ko akwai layin da ya ratsa shi a kwance, alamar ya taɓa lanƙwashewa yana gab da karyewa. Allon da ya yi nauyi fiye da girmansa ya sha ruwa. Wanda kuma aka saba bari a cikin rufaffiyar mota da rana, musamman mai farar kumfa, iskar cikinsa kan kumbura ta ɗaga lulluɓin, kuma gyaran wannan na iya cin rabin kuɗin allon.